Saƙa da Warwara: Shirinmu na Ƙarshen Shekara

 Ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda suka ce data ba ta isarsu su saurari murya. Na bar shi yadda na faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. Yana da ɗan tsawo, ku nemi shayi tukuna.

To, bismillah.

In kun ji muryata ta ɗan shaƙe yau, ku yi haƙuri, hazon Kaduna ne. In kuma kun ji wani ɗan ƙas-ƙas a bayan maganata, ba wayar ce ta lalace ba, allurar saƙa ce a hannuna. Ina zaune a ɗakin Mama a nan Unguwar Shanu, ina haɗa wata 'yar hula, kuma na yanke shawarar ba zan ajiye ta ba har mu gama. Za ku gane dalili nan gaba.

Kun saba a shirin nan mu yi maganar katin zaɓe, ko shaye-shaye, ko kuɗin makaranta, ko kwatar unguwa da ta toshe. Yau ba wannan. Yau maganar kaina zan yi, abin da ban taɓa yi ba. Tambayoyi biyu ne suka fi yawa a saƙonnin da kuke turo mini cikin shekarar nan. Ta farko: "Wai ina kika shiga ne wata huɗu babu shiri?" Ta biyu kuma, tun ranar da na ɗora hoton wani shawul: "Ke da digirinki, saƙa kuma?" Wani bawan Allah har cewa ya yi, "Ashe gwagwarmayar ta ƙare a kwarashi." Wallahi na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce, shi ya sa zan haɗa su.

Bari in fara daga inda zaren ya faro.

Yawancinku da kuka san ni, kun san ni 'yar Unguwar Shanu ce. Amma ba nan aka haife ni ba. A Kakuri aka haife ni a 1997, can ƙetaren kogi. Ƙannenmu da aka haifa bayan 2005, in ka ce musu Kakuri, abin da suka sani dogayen katangu ne da ciyawa ta cinye. Ba su san cewa nan ne zuciyar masaƙun Najeriya ba. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa a zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Daga nan wasu suka biyo, irin su Nortex da Arewa Textiles, sai UNTL a 1964. Auduga na zuwa daga su Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau, atamfa da yadi na fita zuwa ko'ina. Adams Oshiomhole ɗin nan da kuka sani, a Arewa Textiles ya fara aiki kafin ya zama jagoran ƙungiyar ma'aikata. Baba ya ce a lokacin in aka tashi daga aiki, kekuna ne suke cika titi har mota ta rasa hanya.

Baba ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Gidan haya muke, ɗaki ciki da falo, kuma ƙofarmu na kallon ƙofar wata mata 'yar Kudancin Kaduna, Kirista, wadda kowa a gidan yake ce wa Mami. Mijinta da Baba sashe ɗaya suke a wurin aiki. Mami tana da keken saƙa, ƙirar Brother, kuma ita ke yi wa rabin unguwar kayan sanyin jarirai. Ita ta koya wa Mama saƙa, daga kwarashi har keken. Mama kuma ta koya mata dambun shinkafa da miyar taushe. Haka suka zauna.

Sai Fabrairun 2000 ya zo. Ba sai na ba ku labari ba, kowane gida a Kaduna yana da nasa. Abin da ya biyo baya shi ne garin ya rabu: Musulmi suka yi ta tattarowa arewacin kogi, Kirista suka yi ta komawa kudanci. Mu ma muka ɗaure kaya. Ina da shekara uku, ban tuna komai ba, Mama ce ke ba ni labari. Ta ce ranar da za mu tashi, an gama loda kaya a akori-kura, sai ga Mami ta fito rungume da keken saƙar nan a cikin akwatinsa. Mama ta ce, "Haba Mami, abincinki ne fa." Ta ce, "Ni zan sayi wani. Ke za ki je inda ba ki san kowa ba. Riƙe, in kin samu kin biya."

Ba a yi shekaru da yawa ba masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ko da yake ta ɗan sake motsi daga baya. Ta su Baba ma ta rufe, kuma har Allah ya karɓi ransa bai ga haƙƙinsa na sallama ba. Allah ya jiƙansa. To, mai tambaya "ke da digirinki, saƙa kuma?", ka ji amsarka ta farko: digirin nan, keken saƙa ne ya biya kuɗinsa. Kuɗin jarrabawa, kuɗin rajista, kuɗin motar Zariya, duk daga ƙarar keken nan suka fito. Na tashi ina barci da ƙararsa, shuu, shuu, da Rediyon Tarayya Kaduna a gefe, Mama na aiki har sha biyun dare in sanyi ya kusa.

Amma in gaya muku gaskiya, ni a da kunyar abin nake ji. A sakandare in an tambaye ni sana'ar mahaifiyata, sai in ce 'yar kasuwa ce. Na iya kwarashi tun ina firamare, amma da na shiga jami'a na watsar, ina ganin wannan aikin waɗanda ba su yi boko ba ne. Sai 2020 ta zo ta zaunar da kowa. Ga kullen korona tun ƙarshen Maris, ga yajin aikin malaman jami'a da ya kai har Disamba. Wata tara a gida. Na karanta duk littafin Hausa da ke gidanmu da na maƙwabta, na kalli duk abin da za a kalla, har na fara faɗa da ƙannena a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana Mama ta wurgo mini dunƙulen zare ta ce, "Ke, tunda bakinki ya ƙi hutawa, ba hannunki aiki ko ma samu lafiya."

Daga nan ne na koma. Na koyi saƙar allura biyu a YouTube, na koyi karanta zanen saƙa, na fara tambayar tarihin abin da nake yi. Kuma abin da na gano ya ba ni mamaki.

Kun san tsofaffin kayan saƙar allura da aka samu a duniya daga ina suke? Daga Masar. Safa ce ta auduga, fari da shuɗi, tun wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, zamanin daulolin Musulunci, wasu har da adon rubutun Larabci a jikinsu. Daga baya sana'ar ta bazu a Turai, kuma a can ma maza ne suka riƙe ta, da ƙungiyoyinsu da shekarun koyo kafin a kira mutum gwani. Injin saƙa na farko wani Bature ne ɗan Ingila, William Lee, ya ƙirƙiro shi a 1589. Har yau akwai wani tsibiri a ƙasar Peru, Taquile, inda maza ne ke saƙa huluna, tun suna yara ake koya musu. Mu ma nan gida ai haka ne. Saƙar gargajiya, wadda ake yin saƙi da ita ƙyalle-ƙyalle a haɗa, aikin maza ce, mata kuma suna da tasu masaƙar mai faɗi ta cikin gida. Je ka birnin Zariya ka ga masu aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, da allura da zare. Don haka samarin da ke turo mini saƙo a ɓoye suna cewa suna son koya amma suna tsoron a yi musu dariya, ku saki jiki. Kakanninku sun riƙe zare.

Wani abin kuma da ya burge ni: saƙar allura biyu, inji yana yin ta. Amma kwarashi na gaske, har yau masana'antu ba su da injin da ke yin sa yadda hannu ke yi. Duk jakar kwarashi ko hular kwarashi da kika gani, akwai wani ɗan Adam da ya zauna ya ɗaura ta ɗaya bayan ɗaya. Ki tuna da wannan ranar da za ki taya ta.

Na gama jami'a a 2021, na yi bautar ƙasa a Jihar Filato a 2022. Duk wanda ya kwana a sansanin Mangu ya san abin da ake kira sanyi. Alawus ɗinmu a lokacin naira 33,000 ne, amma ni hula da safar hannu da na riƙa saƙa wa abokan hidima sun riƙe ni fiye da alawus ɗin. A nan na fara gane cewa abin nan da nake jin kunya, shi ne kaɗai abin da na iya wanda mutane ke ciro kuɗi su biya ba tare da na kai takardar neman aiki ba.

Yanzu bari in zo inda ya fi wuya.

An ɗaura mini aure a farkon 2023, daidai lokacin da takardun naira suka ɓace. Waɗanda suka zo bikin sun tuna, har masu kiɗan ƙwarya sai da aka tura musu kuɗi ta waya. An yi dariya, an watse, na tare. A 2024 Allah ya ba ni ciki. Ranar da na tabbatar, kasuwa na wuce kai tsaye, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na sayi zare mai laushi ruwan ƙwai, tunda ban san mace ce ko namiji ba. Na fara shawul. Kullum bayan isha'i sai na yi layi biyar ko shida. Na kai kusan rabi, cikin yana wata biyar, sai Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan tsaya a nan da yawa ba. Duk wadda ta taɓa yin ɓari ta san yadda gida ke yin shiru. Mutane suna cewa "Allah ya kawo mai amfani", ka ce amin, kuma da gaske kake amin ɗin, amma in sun tafi kai kaɗai ka san abin da ke ƙirjinka. Na naɗe shawul ɗin da allurar a jikinsa na tura ƙarƙashin akwati.

Auren kuma bai kai ba. A tsakiyar shekarar nan ta 2025 muka rabu. Masu jiran in faɗi laifin wani, ku yi haƙuri, ba za ku ji ba. Mutum ne mai mutunci, iyayensa sun riƙe ni da kyau, zama ne ya ƙare. Na gama idda, na dawo ɗakin Mama da akwatuna uku da digiri ɗaya. Wannan shi ne wata huɗun da kuka daina jin shirin nan.

Kun san Bahaushe in ya ce mutum yana saƙa da warwara, yana nufin tunani ya yi masa yawa, ya ƙulla wannan ya kwance wancan. To ni na yi saƙa da warwara ta gaske. Ni da nake tara matasa ina ce musu kada su karaya, sai ga ni ba na iya fita ƙofar gida saboda kada a ce "ga bazawarar nan". Ka je biki, a gaishe ka da wata irin murya kamar an zo maka ta'aziyya. Wata ta ce boko ne ya hana ni zama. Wata ta ce yawan surutu a intanet ne. Wata ƙawata ta daina gayyata ta gidanta, ban tambaye ta dalili ba, na gane. Shekarata 28, amma wasu suna yi mini magana kamar an riga an rufe littafina.

Wata rana da safe ina kwance, Mama tana share ɗaki, sai ta jawo ledar nan daga cikin kayana. Ta buɗe, ta ga shawul ɗin. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ce "yi haƙuri" ba. Cewa ta yi, "Zaren nan mai kyau ne. Tashi ki warware shi."

Na ce, "Mama, ba zan iya ba."

Ta ce, "To riƙe mini bakin, ni in ja."

Haka muka zauna, tana ja ina naɗewa. Aikin wata uku, bai ɗauki minti arba'in ba. Na yi kukan da ban yi ba tun a asibiti. Ita kuma ba ta hana ni ba, ba ta kuma daina ja ba.

Ga abin da masu saƙa suka sani wanda sauran mutane ba su sani ba. Zaren da aka warware ba ya dawowa a miƙe. Yana fitowa a lanƙwashe, kamar taliyar 'yan yara, saboda ya riƙe siffar saƙar da ya zauna a ciki. In ka yi gaggawar sake saƙa shi a haka, aikin zai fito a cukurkuɗe. Sai ka naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ka ɗaure shi wuri uku ko huɗu don kada ya harɗe, ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi ko ka nuna shi ga tururin tukunya, sannan ka rataye shi a inuwa ya bushe. Sai ya huta tukuna. Mama tana rataye shi a igiya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin gani, ba lalacewa ya yi ba. Lokaci yake so." Daga nan ta shiga kicin abinta. Iyayenmu ba sa zama su yi maka lacca, amma in ka iya saurare, sun gama magana.

Da zaren ya bushe, ban san me zan yi da shi ba. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce a sashen jarirai na wani asibiti a nan cikin gari. Ita ta ce mini, "Kin san abin da muke rasawa? Hular da za ta zauna a kan bakwaini. Duk ta kasuwa ta yi musu yawa." Ta yi mini bayani cewa jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jiki, kuma kai na daga cikin inda ya fi fita, saboda kan jariri babba ne in aka gwada da jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka akwai haɗari. Shi ya sa ake son a goge shi a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su, a sa masa hula, a kuma jinkirta wankan farko har awa 24. Wannan na ƙarshen na san kakanninmu za su yi gardama, amma ku yi musu bayani a hankali, musamman a wannan sanyin.

Shawul ɗin nan ya ba ni 'yan huluna 14. Ƙanana ne, kamar a sa wa lemo. Babu maɓalli, babu duwatsu, babu igiyar da za ta naɗe wuya. Na wanke su na kai mata. Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce duk suna kan jarirai. Ban je na gani ba, ban nemi hoto ba. Amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Daga nan na ce to, bari in ɗauko keken Mama, tunda ita idonta ya fara gajiya. Muka buɗe shi, allurai suna ta maƙalewa, kan keken ya ƙi wucewa. Irin wannan keken allura 200 gare shi, kuma kamfanin Brother ya daɗe da daina ƙera shi, duk wanda kuka gani a kasuwa na hannu ne. Mama ta ce mutum ɗaya ta sani da ke jin ciwon keken nan. Ta laluba wata tsohuwar lamba a bayan littafin adashi. Ta shiga.

Ranar Asabar muka hau mota ni da Mama da keke, muka haye gada zuwa Sabon Tasha. Ku ji wani abin kunya: ni mai kiran kaina 'yar gwagwarmayar haɗin kan matasa, na halarci taron zaman lafiya a otal ya fi sau goma, amma ban taɓa shiga gidan kowa a ƙetaren kogi na zauna na ci abinci ba tun da na yi wayo. Mami ta tsufa, tana dogara sanda. Da ta ga Mama, sai suka tsaya suna kallon juna, sannan suka rungume, kowa na magana ba mai sauraron wani. Ta kama fuskata ta ce, "'Yata, ke ce mai cinye mini zare?" Ashe ina ƙarama ina tauna mata dunƙule.

Minti biyar ba ta yi ba ta gano matsalar. Ta zaro wani dogon ƙarfe daga gefen keken, mai soso a jikinsa, wanda ke danne allurai. Soson ya narke ya zama kamar ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Wannan ne kawai. Mutane suna yar da keke saboda soso." Ta sa jikanta ya yanko sabo, aka manna, aka goge allurai, aka ɗiga mai. Shuu, shuu. Mama ta ciro kuɗi ta ce ga cikon bashin shekara 25. Mami ta ture hannunta ta ce, "Ki kawo mini dambu."

To, kada shirin ya zama na hawaye kawai. Masu son shiga sana'ar nan, ga abin da na koya da kuɗina.

Na ɗaya, ku yi lissafin lokacinku. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. In ka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas kullum, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. Shawul na kwarashi yana cin mini awa 30. Ke nan ladan hannu kaɗai naira 12,000 ne, ba a sa kuɗin zare ba, ba a sa kuɗin mota zuwa kasuwa ba. Amma sai mace ta sayar da shi a kuɗin zare da ɗan abin da ta kira riba, tana murna. 'Yar'uwa, ba riba kika ci ba, kyauta kika yi aiki. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, kuɗin zare ya tashi, amma da yawanmu muna jin nauyin ƙara farashi. Masu saye kuma, don Allah, in za ku taya, ku tuna awa 30 ɗin nan.

Na biyu, ba za ku iya gasa da gwanjo a farashi ba, kada ma ku gwada. Rigar sanyi a Kasuwar Barci ta fi taku araha, kuma haka za ta ci gaba. Ku sayar da abin da dila ba ta kawowa: daidai awon yaro, launin da uwa ta zaɓa, sunan jariri a jiki, kayan suna da suka dace da atamfar mai jego. Kuma gwanjon ma abokin aiki ne. Babbar rigar sanyi mai kyau, in kin warware ta, zare ne mai yawa a kuɗi kaɗan. Sai dai ki juya ta ki duba haɗin gefe. In an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, za ta warware a dogon zare. In kuwa yanka ta aka yi aka bi bakin da keke, guntu-guntu za ki samu, ki bar ta.

Na uku, ku san zarenku. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana jure wanki, amma in ya haɗu da wuta narkewa yake ya manne a fata. A wannan lokacin da ake jin ɗumi da gawayi, kada a bar yaro mai irin wannan rigar kusa da kasko. Kuma kada ki saƙa abin sauke tukunya da shi, wannan aikin zaren auduga ne.

Na huɗu, kasuwar kayan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ce. Wadda ta fara saƙa a Disamba ta makara. Da damina ake tara kaya. In zafi ya shigo kuma, a koma jaka, da abin ɗaure gashi, da shimfiɗar tebur, da 'yar tsana.

Na biyar, bashin dangi. "Yi mini, in an yi albashi zan turo." Ina da littafi guda na waɗannan. Yanzu rabin kuɗi kafin in ɗaura zare, ko gwaggota ce. Ta yi fushi kwana biyu, ta huce, ta biya.

Na shida, ku huta. Wuyan hannu da kafaɗa da ido suna biyan kuɗin sana'ar nan. Duk rabin awa a ajiye, a miƙe, a kalli nesa. Ni yanzu duk Asabar da sassafe ina zagaya Dandalin Murtala da ƙafa, na kuma shuka na'ana'a da tumatir a buhu a bayan ɗaki. Tumatir ɗin dai har yanzu ganye yake ba ni, amma muna tare.

Saura kwana kaɗan mu shiga 2026, kuma ga abin da na sa a gaba, ina faɗa a nan don ku riƙe ni da shi. Zan yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, in buɗe mata asusunta daban, in daina haɗa kuɗin zare da kuɗin kati. Zan fara aji duk Asabar, kyauta, mutum goma: biyar daga wannan gefen kogi, biyar daga wancan. Mako ɗaya a tsakar gidan Mama, mako ɗaya a barandar Mami, ta riga ta amince, har ta ce ita ce shugabar makaranta. Maza ma ƙofa a buɗe take, za mu ware muku lokacinku. Sannan kafin sanyin baɗi, muna son mu kai hula 100 ta bakwaini asibitoci, bayan mun tambayi ma'aikatan jinya irin wadda suke so. Ba mu da mai ɗaukar nauyi, kuma ba ma jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu ashirin za su ɗauka.

Masu tambayar maganar aure kuma, na ji ku. Ban rufe ƙofa ba, ban kuma tsaya a bakinta ina leƙe ba. Ina kan igiya tukuna, ina shan iska. In lokaci ya yi, Allah ya zaɓa mafi alheri.

Ke kuma da kike saurare daga ɗakin mahaifiyarki, da akwatunanki a jingine a bango, ko kai da ka gama bautar ƙasa shekara uku babu kira, ko wanda jarinsa ya narke: ba ni da wata dabara da zan ba ku. Abin da na sani kawai, ranar da na kasa warware nawa, wata ce ta riƙe ɗaya bakin. Ku nemi wanda zai riƙe muku. In abin ya yi nauyi har ba barci ba cin abinci, ku je asibiti ku faɗa, ba rashin tawakkali ba ne.

Abin da nake roƙo: duk mai ragowar zare, ko tsohuwar rigar sanyi da ba a sawa, ko kwarashin kakarsa da ke cikin kwalla, ya turo saƙo ta wannan shafin. Mai son shiga ajin ma haka, ya faɗi unguwarsu. Tambayar wannan makon kuma: wace sana'a ce ta biya kuɗin makarantarku, wadda kuka taɓa jin kunyar faɗa? Ku rubuta a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba.

Yauwa, hular ma ta ƙare, saura in datse zare. Ita ce ta 15.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya zaunar da Kaduna lafiya daga Kawo har Sabon Tasha. A rufe yara da kyau, a kula da wuta. Sai mun haɗu a sabuwar shekara, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.